Kadarkon Bututu: Yadda Ruwan Famfo ke Tsallake Gulbi

Wasiƙun da suka shigo wa filin nan a wannan karo, yawancinsu a kan abu guda suke: bututun ruwan sha da ake gani ya fito daga ƙasa a bakin gulbi, ya hau gada, ya sake nutsewa a ɗaya gaɓar. Injiniyoyin ruwa da na gini da ke amsa tambayoyinku sun zaɓi waɗanda suka fi shafar jama'a. Lissafin da za ku gani na misali ne, an yi shi a kan bututun ƙarfe mai faɗin baki milimita 600 da kaurin jiki milimita 8. Kowane aiki da nasa awo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum sai na tsallake Gulbin Rima kafin in isa aji. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, me ya sa za a kashe kuɗi a gina wa bututu gada? A cikin gari ai binne shi ake yi. Me ya hana a binne shi a ƙarƙashin gulbin kawai?
Ɗalibi, daga Runjin Sambo

Amsa: Wa alaikumus salam. Ana binnewa, kuma a ƙaramin rafi da ke ƙafewa da rani shi ne ma shawarar da muke bayarwa. A haƙa rami a Fabrairu ko Maris, a kwantar da bututu, a lulluɓe shi da kankare ta kowane gefe, a mayar da ƙasa. Kankaren nan yana da dalili. Bututun misalinmu in babu ruwa a cikinsa nauyinsa kilo 119 ne a kowace mita, ruwan da jikinsa zai ture kuwa ya kai kilo 290. In ambaliya ta yaye yashin da ke kansa a ranar da ba a turo ruwa ba, tasowa zai yi kamar gora.

Matsalar gulabenmu ita ce gindinsu yashi ne, yashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ka gani da rani ka ce shi ne ƙasan gulbi, a Agusta ruwa na iya motsa shi har zurfin mita biyu ko fiye, in ya janye ya mayar da wani yashin, ka zo da kaka ka ga kamar ba abin da ya faru. Bututun da aka binne a mita ɗaya, a tsakiyar damina rataye yake cikin ruwa ba wanda ya sani. In ya tsage a can, ba mai ganin yoyon, sai dai a ji famfo ya rage ƙarfi a unguwanni. Mafi muni, duk lokacin da aka tsayar da injin turo ruwa matsin ciki ya faɗi, ɗanyen ruwan gulbi ne zai riƙa shiga ta tsagar.

Akwai injin da ke huda ƙasa daga wannan gaɓa ya ɓullo a waccan, ya bi can ƙasa da inda zaizaya ke kaiwa, sannan ya jawo bututun ta ramin. Aiki ne mai kyau, amma da tsada, kuma in ya lalace babu gyara sai sabo. Gada kuwa babban amfaninta shi ne komai a fili yake: ana ganin yoyo, ana ganin tsatsa, ana iya kai mai walda wurin. Sai dai rana za ta doki bututun, ambaliya za ta gwada ƙafafun gadar, ɓarawo ma zai gani. Wanda ya zaɓi gada ya ɗauki alkawarin dubawa ne muddin tana tsaye. Hukumar da ta san ba za ta riƙa dubawa ba, gara ta binne da zurfi tun farko.

Tambaya: Ina koyar da tarihi a sakandare. Ɗalibaina sun ga hoton wata doguwar gadar dutse mai hawa uku a Faransa, an ce ruwa take ɗauka. Me ya sa na da suke da tsayi haka, na yanzu kuwa ba su wuce gadar mota ba?
Malamin makaranta, daga Arkilla

Amsa: Malam, gadar da suka gani ita ce Pont du Gard, a kudancin Faransa. Rumawa suka gina ta a ƙarni na farko Miladiyya don kai ruwa birnin Nim. Tsayinta ya kusa mita 49, kuma ba bututu ne a kanta ba, magudana ce ta dutse da aka rufe samanta. Ruwan magudana ba ya hawa tudu, dole ya yi ta gangarawa a hankali tun daga marmaro har gari. Hanyar ruwan duka ta kai kilomita 50, amma gangarar daga farko zuwa ƙarshe ba ta cika mita 13 ba. In aka iso kwari ba dama a sauka, domin abin da aka sauka an rasa shi ke nan. Sai a ɗaga magudanar sama har ta yi daidai da tudun da ke gaba. Abin da ya haifi tsayin ke nan. Waɗanda suka yi karatu a Alƙahira sun san dogon bangon Majral Uyun mai jerin ƙofofi masu siffar baka, wanda a da yake kai ruwan Nilu zuwa ganuwar sarakuna bayan shanu sun juya na'urar ɗaga shi. Alhazai kuma na ganin ragowar magudanar Ainu Zubaida a Arfa. Duk ruwa ne mai bin gangara.

Don ka nuna wa ɗalibai abin da ya sauya, ari tiyon awo na magini, wanda ake cika wa ruwa don daidaita gini. Yara biyu su riƙe bakunan, tsakiyar ta kwanta a ƙasa. Ruwan zai tsaya daidai wa daida a hannuwan biyu. Rufaffen bututu ke nan: ruwa na sauka kwari ya sake hawowa da kansa, muddin bakin fita ya ɗan fi na shiga yin ƙasa. Rumawa sun san haka. A hanyoyin ruwan birnin Liyon na Faransa sun gangarar da bututun dalma da yawa jere da juna cikin kwari mai zurfin fiye da mita 100, suka ɗora su a kan gajerar gada a can ƙasa. Waɗannan su ne kakannin kadarkon bututu na yau. Abin da ya hana su yawaita shi ne matsi. Kowace mita 10 ta zurfi na ƙara bar 1 (bar shi ne awon matsi), dalma kuwa ga tsada, ga nauyi, ga rashin jure matsi.

Sai da aka iya zuba manyan bututun baƙin ƙarfe da arha sannan lamarin ya juya, ko da yake magina ba su saki tsohon fasali nan take ba. Gadar High Bridge ta birnin Niyok a Amurka, da aka kammala a 1848 a kan Kogin Harlem, in ka gan ta sai ka ce ta Rumawa ce, amma bututu biyu aka sa a cikinta masu faɗin inci 36, a farkon shekarun 1860 aka ƙara na uku mai inci 90. Wadda ta fi burge mu ita ce ta Washinton, wadda injiniyan soja Montgomery Meigs ya gina a kan rafin Rock Creek, aka gama a 1860. Shi bai gina gada ya ɗora bututu ba. Guntayen bututu masu inci 48 ya harhaɗa layi biyu suka zama baka mai faɗin ƙafa 200, ruwan gari na bi ta ciki, keken doki na bi ta sama. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon soro ya ga yadda maginanmu ke jera azara su ɗaure bakan gizo ya ɗauki rufi ba ginshiƙi a tsakiya, ya san wannan hikima. Walda da ƙarfe mai juriya na ƙarni na 20 su suka kawo siririn kadarkon da muke gani yanzu.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na lura bututun da ke kan wata gada zaune kawai yake a kan wasu ƙarafa masu kama da sirdi, an zagaya shi da maɗauri, ba a kama shi da walda ba. A wani wuri har fenti ya goge kamar yana gurzawa. Wannan ba ha'incin ɗan kwangila ba ne?
Mai walda, daga Ƙofar Kware

Amsa: Maigida, ba ha'inci ba ne, kuma don Allah in an taɓa kiran ka gyara a irin wurin, kada ka kama shi. Gogewar fentin shaida ce cewa bututun na tafiya, kuma da gangan aka bar masa hanya.

Ka fi mu sanin ƙarfe na miƙewa in ya ji wuta. Lissafinsa shi ne kowace mita na ƙara milimita 0.012 a kowane digiri. A Sakkwato zafin iska kan haura digiri 40 a Afrilu, ƙarfen da ke kwance a rana kuwa, musamman in babu ruwa a ciki, yakan kai 60. Da asubar hunturu yana iya sauka kusan 15. Bambancin digiri 45 ke nan. A bututu mai tsawon mita 100, milimita 54 zai ƙara. A mita 300, santimita 16. Za ka ce ai kaɗan ne. To in aka hana shi motsi, ƙarfin da zai tura da shi ba ruwansa da tsawo, da yawan naman ƙarfen yake tafiya, kuma a bututun misalinmu ya haura tan 160. Babu kan ginshiƙin da aka tsara don wannan. Ko noti su tsinke, ko kankare ya tsage, ko bututun ya karkace gefe kamar maciji, ko waldar da ta fi rauni ta buɗe da sanyin asuba.

A kowane sashe wuri ɗaya tak ake kafe bututu. Sauran sirdunan na zamewa ne, da faranti mai santsi ko 'yar gangar ƙarfe a ƙarƙashi. Maɗaurin sama a sa masa roba a ciki, a ɗaure shi yadda zai hana tashi da kaucewa gefe amma ba zai shaƙe ba. Sirdin ya rungumi kusan sulusin kewayen bututun, don kada nauyi ya taru a layi ɗaya ya lotsa shi. Tsakanin kafaffen wuri da kafaffen wuri sai a sa mahaɗa mai numfashi, ko wadda baki ke zamewa cikin baki da zoben roba, ko mai naɗe-naɗe irin na zugazugin maƙeri.

A nan ake yawan kuskure. Buɗin mahaɗar ana saita shi ne gwargwadon zafin ranar da aka ɗaura ta. In da tsakar ranar bazara ne, bututun ya riga ya miƙe, sai a bar ta dab da rufewa, domin ja da baya kawai ya rage masa. In da sanyin Janairu ne, a bar ta a buɗe. Wanda ya saita ta a tsakiya bai duba ma'aunin zafi ba, wata rana za ta ƙure. Haka waldar ƙarshe da ke haɗe layin, da sassafe ko bayan magariba ake yin ta.

Sannan mahaɗa mai zamewa ba ta riƙe ja. Matsin bar 6 a bututun milimita 600 na tura kowane ɓangare da ƙarfin tan 17. Gwiwoyin da ke bakin gulbi, inda bututu ke lanƙwasa ya shiga ƙasa, dole a dunƙule su cikin ƙaton kankare. Gwiwa mai digiri 45 kaɗai tana tunkuɗa da tan 13. Wurin da fentin ya goge kuwa, a ɗaga bututun kaɗan da jak, a goge tsatsar, a shafa, a sa sabuwar roba.

Tambaya: Muna da aikin kai ruwa wani ƙauye da ke ƙetaren rafi, kuma akwai gadar mota a wurin. Za mu iya rataya bututun a jikinta mu huta?
Shugaban ƙungiyar ci gaban gari, daga yankin Kware

Amsa: Ranka ya daɗe, ana yi, amma sai da izini a rubuce daga ma'aikatar da ke da gadar, kuma sai injiniyan gini ya yi lissafin nauyi. Mutane bututu suke aunawa su manta da ruwan ciki. Na milimita 150 da ruwansa wajen kilo 40 ne a mita, kusan kowace lafiyayyar gada za ta ɗauka. Na milimita 600 kuwa ruwansa kaɗai ya kusa kilo 280, da ƙarfen ya zama 400. Tsakanin ginshiƙai biyu masu nisan mita 30, tan 12 ke nan rataye a gefe ɗaya dare da rana.

In an yarda, a ɗora shi a ɓangaren da ruwa ke fita, kuma cikinsa kada ya sauko ƙasa da cikin gadar, don kututture da karan da ambaliya ke kwasowa su daki kankare, su bar bututu. Kada a huda gungumen kankaren da ke ɗauke da gadar barkatai, akwai rodi da wayoyin ƙarfe a ciki waɗanda in aka yanke an raunana ta. Duk inda gadar ke da tsagar numfashi, bututun ma ya sami tasa mahaɗar a daidai wurin. In irin bututun nan ne mai shigar baki cikin baki, da ke zuwa a tsawon mita 5.5 ko 6, kowane guda da nasa mariƙi a bayan bakinsa. Farin bututun roba na famfon gida kada ya hau gada tsirara, rana na cin sa ya yi gautsi. Baƙin mai kauri ya fi jure rana, amma miƙewarsa ta ninka ta ƙarfe fiye da sau goma, kuma yana saki in ya yi zafi; sai an kwantar da shi a kan shimfiɗar ƙarfe ko an zura shi cikin wani bututun.

In izini bai samu ba, rafin kuma ba shi da faɗi, bututun ƙarfe na iya zama gadar kansa. Na misalinmu zai tsallake mita 15 zuwa 20 ba tallafi, in an ƙarfafa shi da zobba a inda ya zauna. Kada a yi kwaɗayin ƙari: in aka ninka nisan, wahalar da ƙarfen ke sha ta ninka huɗu, lotsawar tsakiya ta ninka 16. Daga nan sai saƙar ƙarafa irin ta rufin babban ɗakin taro, ko baka, ko ratayawa da igiyoyin ƙarfe.

Tambaya: Mu nan fadama muke noman albasa da shinkafa. Mun ga gulbi ya canye gada wadda manyan motoci ke bi. To wagga ta bututu, wane irin gindi ake yi mata da ruwa ba su tahiya da ita?
Manomi, daga Wurno

Amsa: Baba, gulbi ta ƙafa yake cin gada. Ruwa in ya daki ginshiƙi sai ya nutsa ƙasa ya yi ta juyi a gindinsa yana ƙwaƙule yashi. Ka tsaya cikin ruwa mai gudu a kan yashi, kafin minti ɗaya za ka ji diddigenka na nutsewa. Shi ke nan abin da ke samun ginshiƙi. Ramin kan kai kusan ninki biyu na faɗin ginshiƙin, ban da zaizayar da dukan gulbin ke yi. In kara da rassa da kainuwa suka taru a jikin ginshiƙi mai faɗin mita ɗaya suka mai da shi mita biyu, ramin ma sai ya ƙaru. Shi ya sa kwashe tarkacen nan da damina ceton gada ne.

A yashin Rima ba a yin gindi sama-sama irin na gida. Turaku ake kafawa: a huda rami mai zurfi, a zura kejin rodi, a zuba kankare daga ƙasa zuwa sama. Zurfin ba da ido ake ƙiyasta shi ba. Sai an haƙa ramin gwaji a gurbin kowane ginshiƙi an ga inda ƙasa mai tauri take, lissafin kuma ya ɗauka duk yashin da zaizaya za ta iya kaiwa babu shi. Ginshiƙan su zama kaɗan, sirara, masu zagayayyen goshi. Ƙasan bututun ya ɗara alamar ambaliya mafi girma da aka sani da mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A nan ake buƙatar irinku. Dattijon da zai nuna a jikin itace inda ruwa ya kai a shekara kaza, shaidarsa na shiga lissafi tare da bayanan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ita ce ma'aunin da ya kamata duk mai zane a wannan yanki ya fara da shi.

Fadama na da faɗi, gada kuwa gajera ake yi don tsimi, sauran a cike da ƙasa. In ruwa ya yi yawa yana iya barin ƙarƙashin gadar ya yanke cikon ta bayanta, bututun da ke binne a ciki ya wayi gari a sarari. Don haka a jera kwandunan waya cike da duwatsu a kafaɗun gadar, bawulolin rufewa na ɓangarorin biyu kuma a kai su can tudu, inda mutum zai isa da ƙafa ranar ambaliya. Masu ɗibar yashi da tifa su yi nesa, domin ramin da suka bari a ƙasan gada yakan yi ta cin baya yana hawowa har ya iso gindinta. Ɗan kwangila kuma ya tuna Rima ba damina kaɗai yake bi ba. Ana sako ruwa daga madatsar Goronyo da rani, ya nemi jadawalin kafin ya sauke kaya cikin gulbi.

Tambaya: Akwai wani abu kamar tukunya a saman bututun da ke kan gadar hanyarmu. Wani lokaci yana huci, wani lokaci yana tsiyaya har yara na tara bokiti. Lalacewa ya yi?
Uwargida, daga Wamakko

Amsa: Hajiya, hucin lafiya ne, tsiyayar ce ciwo. Bawul ɗin iska ne. Ruwa na tafe da iska a cikinsa, iska kuwa tudu take nema, gada kuma ita ce tudun layin tunda bututu hawowa ya yi daga ƙasa. In ba a fitar da ita ba sai ta taru ta tsuke hanya, inji na aiki ruwa ba ya isa. A cikin tukunyar akwai ƙwallo mai yawo a kan ruwa. Iska ta taru, ƙwallon ya sauka, ƙofa ta buɗe, ki ji huci. Ruwa ya hawo, ƙwallon ya toshe. Yana kuma shigar da iska lokacin da ake zubar da ruwan layin, in ba haka ba bututu mai siririn jiki na iya lotsewa kamar robar ruwa da aka tsotse. In yana tsiyaya, ko yashi ya maƙale a mazaunin ƙwallon, ko robar ta bushe, ko wani ya sassauta noti don ya ɗebi ruwa. Gyaran ba shi da wuya, domin akwai ƙaramin bawul a ƙarƙashinsa da ake rufewa ba sai an tsayar da ruwan gari ba. Kuskuren shi ne a rufe ƙaramin a tafi a manta.

Kada a rena yoyo. Huda mai faɗin milimita 5, da kaɗan ta fi ƙwayar dawa, a matsin bar 4 tana zubar da kusan lita 28,000 a yini da kwana, sama da jarka 1,100 mai lita 25. Ga shi a kan sirdi da kan ginshiƙi ruwan ke zuba yana ciyar da tsatsa. Ki sanar da ofishin hukumar ruwa mafi kusa, ki faɗa musu a kan ginshiƙi na nawa ne in an ƙirga daga ɓangarenku.

Akwai ƙarar da ta fi huci hatsari, wato bugu kamar an daki bututun da guduma. Tana zuwa in wuta ta ɗauke inji ya tsaya farat ɗaya, ko aka rufe bawul da gaggawa. Ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa in aka tsayar da shi nan take a bututun ƙarfe, matsin na iya ƙaruwa da kusan bar 10. Shi ya sa babban bawul a hankali ake rufe shi, musamman juyin ƙarshe-ƙarshe, layin da ya zama fanko kuma a hankali ake cika shi, kada gudun ya wuce santimita 30 a daƙiƙa.

Tambaya: Yara na tsallake rafi a kan bututu. Yaya za a hana?
Mai unguwa, daga yankin Silame

Amsa: Ranka ya daɗe, a sa shingen sandunan ƙarfe mai kamar buɗaɗɗen mafici a bakin kowane ɓangare, faɗinsa ya wuce bututun yadda ba a zagayewa. Amma in don babu wata hanya kusa ake hawa, yanke shingen za a yi. Gara tun a zane a sa siririyar hanyar ƙafa mai makari, masu dubawa ma suna buƙatarta. Kawunan noti da murafun bawul kuma a ɗan ɗiga musu walda saboda masu kwance ƙarafa su sayar.

Tambaya: Shekara nawa irin wannan gada ke yi, kuma me ke kashe ta?
Ma'aikacin sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma

Amsa: Ɗan'uwa, bututun ƙarfe mai shafen siminti a ciki da fenti mai kyau a waje yana haura shekara 50. Abin da ke riƙe da shi ne ke riga shi mutuwa. Misalin da ya kamata kowane ma'aikacin ruwa ya sani shi ne na birnin Wakayama a Japan. Ranar 3 ga Oktoba 2021 tsakiyar gadar bututun da ke kan Kogin Kinokawa ta rufta, ba girgizar ƙasa, ba ambaliya. An gina ta a 1975, tsawonta ya haura mita 500, bututu biyu ne a kanta masu faɗin milimita 900, rataye a jikin baka da sandunan ƙarfe. Bincike ya nuna tsatsa ta ci wasu sandunan har sun tsinke tun kafin ranar, a can sama inda kashin tsuntsaye ke taruwa, inda mai dubawa daga hanyar ƙafa ba ya gani da kyau. Gidaje kusan 60,000 suka rasa ruwa na kusan mako guda, sai da aka rufe gadar motar da ke kusa aka shimfiɗa bututun wucin gadi a kanta. Ka lura, bututu biyu ne amma a wuya ɗaya suka rataya. In gari ya dogara da tsallake guda, na biyun ya bi wata hanya dabam, ko da ƙarami ne, ko da binne shi za a yi.

Mu nan ba mu da gishirin teku, iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, wannan rahama ce ga ƙarfe. Tsatsarmu a lunguna take: ƙarƙashin maɗauri, cikin sirdi, inda ƙurar hunturu ta taru ta sha ruwan farko ta zama laka, inda tattabaru da jemagu ke kwana, da inda bututu ke shiga ƙasa ko kankare. Wannan wuri na ƙarshe a naɗe shi da tef mai kwalta, rabin mita sama rabin mita ƙasa. Fenti hawa uku ne. A feshe ƙarfen da yashi har ya yi fari, a sa na farko mai sinadarin zinki a ranar kada ya kwana tsirara, sannan ifoksi, wato fenti mai tauri da ke hana ruwa isa ga ƙarfen, sannan na sama fari ko mai haske, jimillar kauri wajen rubu'in milimita ko ɗan sama da haka. Farin na rage zafin ƙarfen, yana kuma rage saurin gushewar kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga ruwan sha.

Duk gyaran da ya sa aka buɗe cikin bututu, kafin a maido wa jama'a ruwa a gwada shi da matsi ninki ɗaya da rabi na aikin yau da kullum, a jiƙa shi da kulorin miligiram 25 a lita na awa 24, abin da ya rage kada ya gaza 10, sannan a wanke. Ruwan wankin kada a sake shi kai tsaye cikin gulbi, kifin masunta zai kashe.

Dubawa sau biyu a shekara, a Mayu kafin ruwa ya sauka da Nuwamba bayan gulbi ya janye. Zurfin gindi kuwa har a tsakiyar damina a auna shi daga kan gada da igiya mai nauyi a baki, tunda ramin na cikewa in ruwa ya kwanta. A auna gaba da baya da gefen kowane ginshiƙi, a rubuta, a gwada da na bara. A ɗora ma'aunin daidaito a kan kowane ginshiƙi a ga ko ya fara karkata. A hau har sama a ƙwanƙwasa kowace sanda da kowane noti da ƙaramar guduma: lafiyayye ƙara yake yi ƙal, wanda ya ruɓe kuwa dum. A ja layi da fenti a bakin kowace mahaɗar numfashi, a duba shi da asuba, a sake dubawa da azahar. In layin bai motsa ba, mahaɗar ta cije, bututun yana kai ƙarfinsa wani wuri ke nan. A nemo wurin kafin a sauka daga gadar.